Na Karɓi Kuɗin Mutane, Labari Kuma Ya Ƙi Tafiya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, a wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. 'Ya'yana uku, ƙaramin watansa bakwai. Shekara huɗu ke nan ina rubuta littattafan Hausa a waya ina sakewa a WhatsApp. Na gama biyu, kyauta na sake su, mutane kuma suka so su. Na ukun ne na ce na kuɗi ne, mata sama da ɗari suka biya, na yi musu alkawarin feji ɗaya, wato kashi ɗaya na labarin, kullum har feji 60. Ina kaiwa na 34 labarin ya tsaya cak, yau mako biyar ban saki komai ba. A tsakanin nan na fara wasu labaran biyu, su ma na ajiye. Gidanmu gidan gandu ne, girki kwana bibbiyu ni da faccalata, da damina ga abincin 'yan gona. Sai dare nake samun rubutu, daga sha ɗaya zuwa biyu, barci yana fizgata. Ba mu da wuta, kullum sai na aika yaro shagon caji. Watan jiya wayar ta faɗa bokiti, feji shida da ban saki ba suka tafi. Maigidana yana cewa waya ta aure ni, surukata tana cewa ba abin da na iya sai danne-danne. Masu karatu wasu na lallashina, wasu na cewa na cinye musu kuɗi. Ga shi ina ganin wasu marubuta suna sakin feji biyu a rana. Ni ce malalaciya, ko baiwar ce ta gudu? Da kuɗin nan nake sayen sabulu da maganin yara, ba na son in bari. Yaya zan yi in riƙa rubutu da yawa?

Ƙanwarki daga Jigawa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyu kuwa ban wuce wurin da kika kira kanki malalaciya ba sai da na ajiye ta. Macen da take girka wa gidan gandu abinci, ta yi goyo, ta sallami 'yan gona, sannan ta hana idonta barci har ƙarfe biyun dare don ta rubuta labari, ba ta da haɗi da lalaci. Baiwa kuma ba tsuntsuwa ba ce da za ta tashi don kin yi mako biyar ba ki taɓa ta ba. Wadda ta gama littafi biyu mutane suka so su har suka zaro kuɗi suka biya na uku, ta riga ta wuce a tambayi ko ta iya. Ki cire waɗannan biyun daga ranki, don suna cin ƙarfin da za mu yi aiki da shi.

Abin da na gani a wasiƙarki shi ne kin sayar da amfanin gona tun yana tsaye. Ke 'yar karkara ce, kin fi ni sanin yadda manomin da ya karɓi kuɗin riɗinsa tun kafin ya yi fure yake kwana. Ko hadari ya yi jinkirin kwana uku sai gabansa ya faɗi, domin gonar ta daina zama tasa, ta zama ta masu bin sa bashi. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sayar da 'ya'yan itace har sai nunarsu ta bayyana. Ba fatawa nake ba ki a kan sana'arki ba, hikimar da ke ciki nake so ki duba. Littattafanki biyu na farko kin rubuta su ne ba wanda yake tsaye a kanki. Na ukun kuwa, daga ranar da kuɗin farko ya shigo, kowace safiya kina tashi da bashin feji ɗaya a wuyanki, in kin biya na yau, na gobe yana jiran ki. Mai bashi ba ya iya tunani mai nisa, abin da zai kai shi gobe kawai yake nema. Labari kuwa tunani mai nisa yake so. Shi ya sa nake ganin tambayarki ta yadda za ki rubuta da yawa ba ita ce ta farko ba. Ta farkon ita ce yadda za ki daina ci daga gona kai tsaye, ki kafa rumbu. Ana cin tumu a yi marmari, amma ba gidan da ya taɓa kai shekara da tumu.

Akwai kuma dalili na biyu da nake zargin shi ya tsayar da labarin a feji na 34, ke za ki gaya mini ko na canka. Lokacin da kika fara, kin san ƙarshensa? Yawancin masu sakin labari kullum suna farawa ne da mafari mai zafi da taurari biyu masu shiga rai, sauran kuma su ce Allah zai kawo. Feji ashirin na farko suna tafiya da ƙarfin mafarin. Daga nan sai sharhin masu karatu ya karɓi linzami. Wannan ta ce kada a kashe wance, waccan ta ce a ƙara wa kishiyar mugunta, wata ta ce in ba a haɗa su aure ba za ta fita daga guruf. Marubuciya mai son faranta wa kowa sai ta karkata nan ta karkata can, har ta wayi gari a tsakiyar dajin da ba ita ta zaɓi shigarsa ba. In haka ne ya same ki, to ba rashin lokaci ne ya tsayar da ke ba, ko wata guda aka ba ki ke kaɗai a ɗaki ba za ki motsa ba. Maganinsa zama ɗaya ne da takarda da biro. Ki karanta fejin nan 34 daga farko kamar ba ke kika rubuta ba, ki rubuta sunan kowane mutum da abin da yake nema da abin da ya tare shi. Sannan ki yi tsalle zuwa ƙarshe ki yanke hukunci: wa zai samu, wa zai rasa, wane asiri ne zai tonu, a gaban wa. Daga nan ki dawo da baya ki jera feji 26 ɗin da suka rage, kowanne layi biyu kacal, misali a nan ne uwar ta gano takardar, a nan ne ya dawo daga ci-rani bai tarar da ita ba. Wannan jerin ba zai wuce warƙa biyu ba, amma shi ne zai hana ki zama kina kallon farar takarda. In kuma kika ga labarin zai ƙare da kyau a feji na 50, ki ƙare shi a nan. Mai karatu tana yafe gajarta, ba ta yafe a ja ta da bayanin leshi da kalar mota feji goma don a cika lissafi.

Labaran nan biyu da kika fara a tsakani, na san daɗinsu. Sabon labari kullum ya fi wanda ake ciki kyau, saboda bai kai wurin wahala ba tukuna. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ki ware warƙar ƙarshe ta littafin rubutunki, duk sanda sabon tunani ya faɗo ki rubuta shi a layi uku ki rufe. Ba zai gudu ba. Wanda ya mutu a cikin wata uku, dama can ba mai rai ba ne.

Yanzu matan da suka biya. Ina so ki kalle su da adalci, har da masu zafin baki. Wata cikinsu daga kuɗin cefane ta tsakura, wata kuɗin kitsonta ne. An yi musu alkawari, an yi shiru mako biyar, suna da gaskiya su yi magana. Abin da ya fi ƙona musu rai ba jinkirin ba ne, shirun ne, don shi ke sa mutum ya ɗauka an raina shi. Kada ki sake cewa gobe in sha Allah alhali kin san ba ki da abin da za ki saki goben. Ki rubuta musu saƙo ɗaya, gajere, ba kuka ba dogon uzuri. Ki ce kin yi alkawarin da ya fi ƙarfinki, kina neman afuwa, za ki dakata mako shida ki rubuta gaba, daga rana kaza za a ci gaba da feji biyu a mako, Litinin da Alhamis, har a gama. Ki ƙara da cewa duk wadda ba za ta iya jira ba ta yi magana a mayar mata da kuɗinta. Na san kuɗin ya riga ya shiga sabulu da magani. Ki rubuta sunayen masu son a mayar musu, ki riƙa biya a hankali, ko ki ba su zaɓin karanta littafinki na gaba kyauta. Amana ce, kuma sunanki shi ne jarin da ya fi wayar tsada. Ina kyautata zaton waɗanda za su nemi kuɗinsu ba za su kai yadda kike tsoro ba, domin labarin suke so.

Ga lissafin da ya sa na ce mako shida. A ce fejinki yana da kalma 1,200, ki ƙirga naki ki gyara lissafin in ya bambanta. Idan kina rubuta kalma 400 a rana, kwana shida a mako, kin sami 2,400, wato feji biyu. A mako shida kin tara feji 12 a rumbu ba wanda ya gani. Ranar da kika ci gaba da saki, kina fitar da biyu kina zuba biyu, rumbun bai taɓa yin ƙasa ba. Yaro ya yi zazzaɓi, an yi rasuwa a dangi kin tafi kwana bakwai, masu karatu ba za su ma sani ba. Bayan mako bakwai da ci gaba kin gama rubuta feji 26 ɗin gaba ɗaya, alhali akwai sauran mako shida na saki, kuma a cikinsu ne za ki fara littafi na gaba hankali kwance. Shi kuwa na gaban, ina roƙon ki, kada ki karɓi ko sisi a kansa sai kin rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku. Kalma 400 za ta yi miki kama da wasa, ke da kika saba kwana kina bugu. Amma ki haɗa abin da kika rubuta a mako biyar ɗin nan ki gwada da 12,000 da wannan ɗan ƙaramin ma'aunin zai ba ki a daidai wannan tsawon. Da yayyafi kogi kan cika. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma na ga gaskiyar wannan a rubutu kamar yadda na gan ta a ibada. Ba dole ne ma'aunin ya zama daidai kullum ba. Ranar girkinki ki yi 200, ranar girkin faccalarki ki yi 600. Juma'a ki huta.

Sai batun lokaci, kuma a nan ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: rubutun sha ɗaya zuwa biyun dare shi ne ya fi komai cutar da ke. Kina ba labarinki ragowar kanki ne, bayan murhu da goyo da rana sun kwashe mai kyaun. Abin da za ki rubuta a minti 40 da wartsakakken kai, shi kike kokawa da shi awa uku kina gyangyaɗi, washegari kuma ki tashi a gajiye ki shiga wani aikin, daren ya sake zagayowa. Mai shayarwa da ba ta samun barci ba rubutunta kaɗai ke raguwa ba, haƙurinta da lafiyarta ma suna bi. Ki kwanta kafin goma. Ni dai a wurina ba lokacin da ya kai bayan sallar asuba, in an idar da azkar, gari bai gama wayewa ba, ba a fara shara ba, ba a hura wutar ɗumame ba, ba abin da kike ji sai zakaru da turmin wata maƙwabciya mai sammako. An ruwaito addu'ar Annabi ta neman albarka ga al'ummarsa a cikin sammakonta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila a gidanku asuba ce ta fi kowane lokaci hayaniya, hantsi ne ke da sauƙi, bayan maza sun tafi gona yara sun tafi makaranta. Ko kuma tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Ki yi kwana uku kina lura, ki ga inda minti 40 yake ɓuya, ki kama shi, ki mai da shi kamar lokacin salla wanda ba a tambayar ko ana jin yi.

Sirrin da ke sa minti 40 ya isa shi ne kada ki zauna sannan ki fara tunanin me za ki ce. Tunanin a bakin aiki ake yin sa. Kafin ki kwanta ki duba layi biyun nan na fejin gobe, ki tafi da su. Kina surfe, kina tankaɗe, kina wanke-wanke, hannu na aikinsa kai na nasa: me za ta ce masa in ya shigo, a tsaye take ko a zaune, me take riƙe da shi. In wata magana mai daɗi ta faɗo, ki naɗe ta da murya a waya cikin daƙiƙa goma ki ci gaba da aikinki. Sannan in kin zo tashi daga rubutu, kada ki tsaya a inda tunaninki ya ƙare. Ki tsaya a inda kin san abin da zai biyo baya, ko da a tsakiyar zance ne. Ina tuna kakata a ƙauyenmu, ba ta taɓa barin wutar dare ta mutu ba. Takan tattara garwashin wuri ɗaya ta lulluɓe shi da toka, da asuba ta tona da ɗan kara, ta ɗora ƙirare, ta hura sau biyu, sai ga wuta. Maƙwabta masu barin tasu ta mutu su ne ke yawo da kasko suna neman ɗiba. Haka nake barin rubutuna kowace rana, kuma tun da na koyi haka ban ƙara jin tsoron zaman gobe ba.

Zan ba ki wata shawara da za ta yi kama da komawa baya: ki koma biro da littafin rubutu. Marubutan da suka cika kasuwannin Kano da littattafai tun daga shekarun 1980, da yawansu mata ne a cikin gidajen aurensu, kuma a irin littafin 'yan makaranta suka rubuta kafin a kai wa mai bugawa. Takarda ba ta neman caji, ba ta ƙara in saƙo ya shigo. Matsalar rubutu a waya ita ce ɗakin aikinki da dandalin hira ƙofarsu ɗaya. Kin buɗe don ki rubuta, kin ga saƙo 80, kin ce bari in duba ɗaya, kin tarar da mai cewa kin cinye mata kuɗi, shi ke nan ranar ta lalace kuma caji ya tafi. In kin rubuta da hannu, bugawa a waya ya zama aiki na daban wanda ba ya son kai sosai, kina iya yin sa da rana kina jijjiga yaro, data a kashe, kuma a nan ne za ki yi gyara. In akwai ƙanwa ko 'yar maƙwabta da ta gama sakandare tana zaune, ki ba ta ta buga miki ki riƙa sallamarta da ɗan wani abu, ke ki duba. Sharhin masu karatu kuma ki ware masa lokaci ɗaya a rana, bayan kin gama rubutun ranar, ba kafinsa ba.

Feji shidan da ruwa ya ci, Allah ya mayar da alheri, na san zafinsa don ni ma na taɓa rasa aikin wata biyu a wata tsohuwar waya, na yi mako ban iya kallon labarin ba. Daga yau duk fejin da aka buga, kafin ki yi komai ki tura shi zuwa imel ɗinki, rubutu ba ya cin data da yawa. Ko waya ta ɓace, kina shiga imel ɗin a wata wayar za ki tarar da shi. Littafin takardar kuma ki sa shi a leda cikin akwati, saboda gara da ɗigar damina da hannun yara. Kuɗin farko da ya shigo bayan kin sallami masu bin ki, ki sayi ƙaramar sola mai fitila da wurin caji, in wani zai shiga Kano a duba miki a kasuwar waya ta Farm Centre. Kuɗin cajin da kike biya kullum shi zai biya ta.

Mu zo kan maigida. Ban ji kin ce ya hana ki rubutu ba, cewa ya yi waya ta aure ki, kuma in kika saurara da kyau wannan maganar mai kishi ce, ba ta mai ƙiyayya ba. Ki tsaya a inda yake tsaye. Ya yini a gona, ko ya dawo daga Gujungu ranar Lahadi da ƙurar kasuwa, ya farka ƙarfe ɗayan dare ya ga hasken waya a fuskar matarsa, tana murmushi ko tana hawaye, bai san da wa take ba. Shi bai ga littafi ba, waya ya gani. Ko ke ce a matsayinsa sai ranki ya sosu. To ga shi tsarin da na ba ki ya riga ya ba shi abin da yake nema tun kafin ya roƙa, don haka kada ki bayar a ɓoye, ki kai shi teburin ciniki. Ki nemi ranar da yake cikin nishaɗi, ya ci ya ƙoshi, ba ranar da aka yi faɗa ba. Ki ce masa kin ji maganarsa kuma ya yi gaskiya, daga yau bayan isha'i waya ta kwanta. Ke kuma alfarma ɗaya kike nema, ya bar miki ɗan lokaci kaza da safe, in yaro ya tashi ya ɗan riƙe miki shi ko ya sa babbar ta ɗauke shi. Ki nuna masa littafin, ki karanta masa wani wuri in yana so, ki faɗa masa abin da ya shigo da inda ya tafi. Namiji yakan tsaya wa abin da aka sa shi a ciki, yakan yi gaba da abin da aka yi a bayan idonsa. In kuwa kika yi duk wannan ya ce sam, kada ki koma yi a ɓoye, ɓoyon zai ci aurenki ya ci rubutun. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayanki ko wani kawunsa ko malaminsa, a zauna a fahimtar da shi.

Surukarki kuma ba ta yi ƙarya ba a iya abin da idonta ya nuna mata. A zamaninta sana'ar mace abu ce da ake gani, ƙuli-ƙuli ne, saƙar faifai ce, daddawa ce. Danna waya bai yi kama da ko ɗaya ba. Amma ki lura da abin da zai faru ranar da ta gan ki a kan tabarma da littafi da biro. A ƙasar Hausa mai riƙe da takarda yana da wata kima da mai riƙe da waya ba shi da ita, ko ba a san me yake rubutawa ba. Sannan in kuɗi ya shigo, ki sayi goro ko sabulu ki durƙusa ki ce, Inna ga wannan, daga ɗan abin da na samu ne a rubutun nan, a sa mini albarka. Ba cin hanci ba ne, haƙƙin girma ne, kuma yana mai da abin da ba a gani ya zama abin da aka taɓa da hannu. Faccalarki ma kada ki bar ta a baya. In ta riƙe miki yaro na rabin awa, ke ma ki ɗauke mata wani abu ranar girkinta, kada ta ga kamar ke kin zama malama ita ta zama 'yar aiki.

Masu sakin feji biyu a rana kuwa, ba ki ga cikin gidajensu ba. Wata ta gama littafin tun bara, yanzu saki kawai take. Wata tana birni da wuta da mai taya ta aiki. Wata kuma tana saki ne kawai, in kin tace fejin biyu ba za ki sami cokali ɗaya na labari ba. Ko Abubakar Imam da ake buga misali da shi, sai da aka sauke masa aikin aji a Makarantar Midil ta Katsina a 1936, aka kai shi Zariya na wata shida, sannan ya rubuta Magana Jari Ce. Yawan rubutu ba daga baiwa kaɗai yake zuwa ba, sai an sami wanda ya ɗauke wa marubuci wani nauyi. Ke ba wanda ya ɗauke miki ko tsinke, kuma a haka kika gama biyu.

Ki kuma tsara shekararki yadda gidanku yake tsara tasa. Daga shuka zuwa maimai, sannan lokacin girbin gero da yankan riɗi da cirar zoɓo, gidan manomi ba ya da sararin kansa. A waɗannan watanni ki rage ma'auni zuwa kalma 200, ko ki tsaya ga gyara da sakin abin da ke rumbu. In an gama kaka amfani ya shiga gida, daga sanyin hunturu har zuwa bazara, nan ne damunarki ke, nan za ki zuba ƙarfi. Watan azumi ma ki sa shi a lissafi tun da wuri, kada ki yi alkawarin saki a cikinsa sai abin da kika riga kika tanada.

Idan kin gwada wannan wata guda kika ga ko 200 ɗin ta gagara, akwai wata hanyar, kuma ba faɗuwa ba ce. Ki mayar wa mutane kuɗinsu a hankali, ki ajiye dogon littafi har ki yaye yaron, ki riƙe hannunki da gajerun labarai. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna wa mata da yawa cewa labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500 yana iya ɗaukar rayuwa sukutum, kuma irinsa kina iya gama shi a mako ɗaya. Gajeren labari yana koya wa hannu gamawa, abin da dogon littafi yake sa a manta. Sai abu ɗaya da ba na so ki raina. In gajiyar nan ba ta tafi ba bayan kin gyara barcinki, ko kina jin jiri, ko kin ga ba abin da ke miki daɗi har wasa da yaranki, kuka yana zuwa ba dalili, ki je asibiti mafi kusa a duba jininki, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar lafiya yadda zuciyarki take. Ƙarancin jini da damuwar bayan haihuwa suna kama mata da yawa, suna da magani, kuma sau da yawa su ake kira lalaci.

A daren yau kada ki rubuta komai sai saƙon nan na masu karatu, ki tura, ki kashe data, ki kwanta. Gobe ki aika a sayo miki littafin rubutu mai warƙa 60 da biro biyu. Jibi ki fara karanta fejinki 34 daga farko. In kin jera sauran 26 ɗin, ki sake rubuto mini ki gaya mini ko na canka game da ƙarshen labarin, da kuma abin da maigida ya ce. Allah ya raya miki yaran, ya sa albarka a alƙalaminki, ki gaida Inna.